Ra'ayinmu: Makarin Dafin Maciji Daga Jinin Doki Yake Farawa

Duk kwalbar makarin dafin maciji da ta isa asibitin Kaltungo a Jihar Gombe ta ƙetaro teku. Macizan namu ne, kububuwa da kasa da gamsheƙa, amma sarrafa EchiTAb a ƙasar waje ake yi, da kuɗin waje muke saye. Shi ya sa wannan jarida ke ganin wani bincike da ake yi nesa da mu ya shafi masu tsara kasafin kuɗi a Abuja.

Hanyar haɗa makarin ba ta sauya sosai ba tun zamanin Albert Calmette a shekarun 1890. Akan tatsi dafi, a riƙa yi wa doki ko tunkiya allurarsa kaɗan-kaɗan har jikin dabbar ya samar da garkuwa, sannan a ɗebi jininta a tace. Sai dai dafi shi kaɗai ba ya tayar da garkuwa yadda ake so, musamman ƙananan gubobin gamsheƙa masu saurin kisa. Dole a gauraya shi da wani sinadari mai zaburarwa. Wanda aka daɗe ana amfani da shi, na Freund, yana aiki, amma yana bar wa doki ƙuraje da gyambo, dokin da ke jinya kuwa ba ya ba da jini mai yawa.

A nan ne ƙwayoyin nano suka shigo, waɗanda ido ba ya gani. Masu bincike a Brazil sun gwada na silika da na chitosan, wanda ake samu daga ɓawon jatan lande. Ƙwayoyin kan riƙe dafin su sake shi sannu a hankali, ta yadda garkuwa za ta tashi da ɗan dafi, illa kuma ta ragu. In abin ya tabbata, kwalba za ta yi sauƙi.

Mun ce in ya tabbata, domin akasarin gwajin a kan ɓeraye aka yi, da dafin da ba na macizanmu ba. Kada wani mai ba minista shawara ya rubuta cewa an samo mafita, a zaftare kuɗin sayen makarin bana. Manomin da kububuwa ta sara lokacin girbi ba zai jira sakamakon ɗakin gwaji ba.

Abin da muke nema ƙarami ne. A Vom muna da Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa, a Idu muna da NIPRD. Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta ware musu layi a kasafi domin gwada waɗannan ƙwayoyi da dafin kububuwa, a kan dawaki, NAFDAC tana sa ido tun daga farko. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauki alkawarin rage mace-mace da naƙasa daga saran maciji da rabi nan da 2030, Najeriya kuma mamba ce a cikinta.