Shanu na Wucewa ta Mubi, Alƙalumansu na Salwanta

Wanda ya bi hanyar Sahuda daga garin Mubi zuwa kan iyakar Kamaru zai wuce gonar gwaji ta Jami'ar Jihar Adamawa, wadda aka kafa a 2002. Ta wannan yanki ne garkuna ke shigowa daga Kamaru da Chadi zuwa kasuwar dabbobi ta Mubi, daga nan tireloli su kwashe su zuwa kudu. Shekara da shekaru malamai da ɗalibansu suna auna nauyin dabbobi, suna ƙirga kaska, suna rubuta farashin hatsi da yawan ruwan sama. Abin tambaya shi ne ina waɗannan alƙaluma suke kwana bayan an kammala digiri.

Amsar ba ta ɓuya ga duk wanda ya zauna a jami'o'in ƙasar nan. Mai bincike yakan sha rana wata da watanni yana tattara bayanai, sannan ya kai wa wani mai shagon kwamfuta ya fitar masa da sakamako da manhajar da ba a biya lasisinta ba. Yakan karɓi jadawali ya liƙa a kundinsa, amma idan aka ce ya maimaita lissafin bayan shekara guda, sai ido ya raina fata. Mutanen Mubi kuwa, da suka ga yadda gari ya watse lokacin da Boko Haram ta mamaye shi a Oktoban 2014, sun fi kowa sanin cewa abin da ke cikin kabad ɗaya ko kwamfuta ɗaya bai ajiyu ba.

Wannan ba damuwar malaman jami'a kaɗai ba ce. Ta shafi duk jami'in da ke rubuta wa minista takardar shawara. A 2010 wasu masana tattalin arziki biyu, Carmen Reinhart da Kenneth Rogoff, suka wallafa cewa bunƙasar ƙasa na durƙushewa idan bashinta ya haura kashi 90 cikin 100 na arzikin da take samarwa. 'Yan siyasa a Turai da Amurka suka riƙa kafa hujja da shi wajen tsuke bakin aljihu. A 2013 wani ɗalibi, Thomas Herndon, ya karɓi ainihin jadawalinsu na Excel, ya tarar an tsallake ƙasashe biyar a cikin lissafin. An gano kuskuren ne saboda akwai fayil ɗin da za a duba. Bincike nawa ne a kan dabbobi ko noma da ke isa teburin Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo, wadda aka ƙirƙiro a 2024, zai iya jure irin wannan duba?

Maganin ba sabon abu ba ne, kuma ba shi da tsada. Tun 1998 shirin Software Carpentry ya fara koya wa masu bincike rubuta umarnin kwamfuta. A 2018 ya haɗe da Data Carpentry suka zama The Carpentries. Tsarinsu bita ce ta kwana biyu: 'yan sa-kai ne ke koyarwa, malami yana bugawa ɗalibai suna bugawa tare da shi, idan ya yi kuskure kowa ya gani ya ga yadda ake gyarawa. Ana koyon tsaftace jadawali, da R ko Python, da Git don adana tarihin kowane sauyi. Darussan kyauta ne, manhajojin ma kyauta ne, kuma R na aiki ba intanet da zarar an girka ta. A Arewa ma Arewa Data Science Academy ta nuna cewa akwai masu koyarwa 'yan gida.

Gwamnati ba ta rasa shirye-shirye ba. Akwai 3MTT da aka ƙaddamar a 2023, sai dai ya fi karkata ga matasa masu neman aiki, ba malamin da ke da fayil ɗin alƙaluman shekara goma ba. Asusun TETFund kuma yana ɗaukar nauyin karatun malamai da halartar taruka. Kuɗin tura mutum ɗaya taro a ƙetare zai ishi bita ta cikin gida mai mutum talatin, har da man janareta da abincin rana.

Saboda haka wannan jarida ke kira ga TETFund da ta ware wani kaso na kuɗin horon malamai musamman don irin wannan bita, a riƙa yin ta a harabar makarantu kowane zango, ba a otal a Abuja ba, kuma da alƙaluman da mahalarta suka tattara da hannunsu. Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa kuma ta matsa wa majalisun jami'o'i su riƙa lissafa wannan koyarwa wajen ƙarin girma, domin ɗan sa-kan da ba a ganin aikinsa ba ya daɗewa. A Mubi, inda jami'ar jiha da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ke gari ɗaya, ɗakin kwamfuta guda da masu koyarwa huɗu sun isa a fara kafin ƙarshen wannan zango.