Ba Yawan Kwalabe Ke Tsare Ido Ba

Maganar da ke yawo kwanan nan daga kasuwar Barmu har tashar Tawa ita ce wai likitocin ido sun koyi rowa: su cire wa tsoho yana, su sallame shi da ƴar kwalba ɗaya ko biyu, su ce kwana kaza ya daina. Shi ya sa ɗan da ke son mahaifinsa yake ratsewa wurin mai tallar magani ya ƙaro uku, wani ma tun saura mako biyu a yi aiki yake fara ɗiga wa tsohon, wai don ido ya wanku. Wannan ra'ayi kuskure ne, kuma da ido ake biyan kuɗinsa.

Abin da likita ke tsoro bayan aikin yana shi ne ƙwayoyin cuta su kutsa can cikin ido su tara mugunya, gani ya tafi cikin ƴan kwanaki. Galibinsu kuwa a fatar idon marar lafiyar da gindin gashin idonsa suke zaune. Don haka garkuwar farko ita ce ruwan aidin, Bétadine ɗin da kowa ya sani, wanda ake wanke ido da shi kafin wuƙa ta taɓa. Ta biyu ita ce ɗan maganin kashe ƙwayoyin cuta da ake turawa cikin idon kansa da zarar an gama aiki. A 2007 ƙungiyar likitocin aikin yana ta Turai ta fitar da sakamakon gwaji kan mutum fiye da 16,000 a ƙasashe 9: waɗanda aka sa wa cefuroxime cikin ido, ruɓewar ta ragu musu kusan ninki 5, alhali ƙarin ɗigon da aka yi wa wasu dab da aiki bai kawo bambancin a zo a gani ba.

Za a ce Turai daban, Adar daban, mu nan ga ƙurar hunturu, ga ƙuda, ga ƙarancin ruwa. To, a dubi Indiya. Asibitocin Aravind, inda talakawan karkara ke cika layi kamar namu, sun bi diddigin aiki fiye da miliyan 2, suka bayyana a 2019 cewa sa moxifloxacin cikin ido ya sauko da ruɓewar daga kusan 7 cikin 10,000 zuwa 2. Ƙurar da ake kafa hujja da ita ma a kanmu take juyawa. Kwalbar da ta kwana a aljihun riga tare da goro, aka buɗe ta da hannun da bai ga sabulu ba, bakinta ya goga gashin ido, jika ya ɗiga wa kaka sannan a miƙa wa maƙwabciya mai jan ido, wannan kwalba jigilar cuta take yi. Wasu magungunan, irin su chloramphenicol na ɗigo, sanyi suke so, ba tiren da ya wuni a ranar Afrilu ba, lokacin da zafin Tawa ke haura digiri 40.

Ba cewa nake a zubar da abin da likita ya bayar ba. Ɗigon da ya rubuta, musamman mai kwantar da kumburi, a yi shi daidai ƙa'ida, a tsaya ranar da ya ce. Ƙari ne bala'in. Ƙwayoyin cutar da ake yayyafa wa magani wata da watanni sabawa suke yi, ranar da ake buƙatarsa da gaske sai ya ƙi ci. Da yawa daga cikin kwalaben da ake yabo don suna kashe jan ido nan take haɗe suke da dexamethasone, wanda idan aka daɗe a kansa yakan ta da hawan jinin ido ga wasu mutane, mai kai ga makantar da ba ta da gyara. Manomin da ƙaiƙayin gero ya karce wa ido lokacin kaka, aka ba shi ragowar kwalbar tsoho, gyambonsa ƙara ci yake. Garin neman gira a rasa ido ke nan.

Laifin kuwa ba na ɗan da ya sayo ba ne kaɗai. Shekara nawa muna kuka da masu shimfiɗa magani a ƙasa ranar kasuwa, tsakanin mai tattasai da mai takalman roba, suna rubuta wa mutane magani da baki? Masu cewa talaka ba shi da wani zaɓi sai su, ban ga amfanin tsayawa gardama da su ba, domin arhar da ta makantar da mutum ba taimako ba ce. Haka ma ayarin aikin ido kyauta: alherinsu ba ya musantuwa, amma duk ayarin da ya ƙirga kawuna, ya raba kwalabe, ya naɗe kaya ba tare da ya bar wanda zai duba mutane bayan mako guda ba, ya bar aikinsa rabi. Kwalba ta zama madadin likita, mu kuma muka yarda.

Don haka tambayar da ya kamata magadan gari da sarakunan Adar su yi wa duk mai zuwa aikin ido ita ce: kuna wankewa da aidin, kuna sa magani cikin ido, wa zai duba mutanenmu bayan kun tafi? Ɗan da ke son mahaifinsa kuma ya riƙe alamu uku: zafin da ke ƙaruwa, jan da ke tsananta, ganin da ya buɗe ya koma dushewa. Ranar da ya ga ɗaya, kuɗin ƙarin kwalba ya zama kuɗin mota zuwa babban asibitin Tawa, a ranar, kafin rana ta faɗi.