Ba Kullum Ne Laifin Mai Haƙori Ba

Dashen haƙori ya daina zama labarin da ake ji daga nesa. Asibitocin kuɗi a Abuja da Legas suna yi, masu hali kuma sukan je Alƙahira ko Dubai ko Turkiyya su yiwo. Likita zai huda ƙashin muƙamuƙi ya ɗaura ɗan noti na ƙarfen titaniyom, a jira watanni ƙashi ya riƙe shi, sannan a ɗaura masa wuya, a ɗora haƙorin tangaran a kai. Farfesa Per-Ingvar Brånemark ne ya fara yi wa ɗan Adam wannan aiki a birnin Gothenburg na ƙasar Suwidin a 1965.

Abin da ba a cika faɗa wa mai biyan kuɗi ba shi ne, haƙorin ƙarfe ba ya ruɓewa, amma naman da ke kewaye da shi yana kamuwa da ciwo. Dasashi ya kumbura, ya riƙa jini, wani lokaci har da mugunya, daga nan ƙashi ya fara zaizayewa. Nazarin da Derks da Tomasi suka wallafa a 2015 ya ƙiyasta cewa kashi 43 cikin ɗari na masu dashe suna samun kumburin dasashi, kashi 22 kuma ciwon ya kai ga ƙashi. Galibi babu zogi, shi ya sa ake makara.

Idan hakan ta faru, kan marar lafiya ake juyewa: ba ka goge baki, kana shan taba, sugarka ta hau. Duk gaskiya ne, waɗannan suna kawo ciwon. Sai dai wani kaso na matsalar a hannun mai aikin yake farawa, kuma a nan ne bakin kowa yake mutuwa.

Ɗauki simintin da ake manna haƙorin da shi. Idan ya yi yawa, rarar takan sulale ƙarƙashin dasashi ta daskare inda buroshi ko asuwaki ba za su taɓa kaiwa ba, ƙwayoyin cuta su samu mafaka. A 2009 wani likita a Amurka, Thomas Wilson, ya leƙa ƙarƙashin dasashin masu wannan ciwo da ƙaramar kyamara, ya tarar da ragowar siminti a kashi 81 cikin ɗari. Da aka kankare shi, alamun ciwon suka ɓace a kusan kashi uku cikin huɗu. To ina laifin mai haƙori a nan?

Sai kwance-ɗaura. Tun 1997 Abrahamsson da abokan aikinsa a Gothenburg suka nuna, a gwajin da suka yi da karnuka, cewa yawan cire wuyan ana mayarwa yana yaga naman da ya fara manne masa, ƙashi ya ja baya. Kamar ɓawon gyambo ne, in ana ɓamɓare shi kullum ba zai warke ba. Saboda haka wasu likitocin yanzu suke ƙoƙarin ɗaura wuyan sau ɗaya su bar shi.

Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne maimaita kaya. Akwai ɗan murfin da ake sa wa notin kafin dasashi ya warke. Kamfanoni da dama don amfani sau ɗaya suke yin sa, amma akan wanke shi a turara a sa wa wani, don rage kashe kuɗi. Binciken Wadhwani a 2016 ya samu ragowar ƙazantar jikin mutum a 99 daga cikin irin waɗannan murafu 100, bayan an wanke an turara. Wanda ya biya kuɗi masu nauyi bai cancanci ragowar bakin wani ba.

Likitocinmu na haƙori, don Allah a riƙa rubuta wa mutum sunan kamfanin notin da girmansa a takarda, musamman ganin cewa wanda ya yiwo a waje a gida zai nemi gyara, kuma kayan wannan kamfani ba lallai su hau na wancan ba. Kai kuma mai niyyar dashe, kada kunya ta hana ka tambaya: murfin sabo ne? Da siminti za a manna haƙorin ko ɗaura shi za a yi? Yaushe zan dawo a ɗauki hoton ƙashi? Idan kuma ka riga ka yi, ka ga jini lokacin goge baki, je asibiti a makon nan, kada ka jira zogi.