Gonar Sarki a Bayan Fada

Sarki Taejong ne ya gina fadar Changdeokgung a birnin Seoul a 1405. Ta ƙone ƙurmus a 1592 lokacin mamayar da Japan ta kawo, aka sake tayar da ita wajen 1610, sarakunan daular Joseon suka yi shekara sama da 250 suna mulki daga cikinta. Lokacin da na kai mata ziyara, kowa hankalinsa na kan zauren karaga, Injeongjeon, inda aka jera duwatsu a farfajiya, kowane dutse da muƙamin da aka rubuta a jikinsa, don kada wani bafade ya wuce matsayinsa ko da taku ɗaya. Abin kallo ne, ba musu. Amma yau in aka ce mini Changdeokgung, wata bukka ce ke faɗo mini a rai.

Tana can ƙuryar lambun bayan fada, Huwon, wanda muka shiga bayan ɗan jagora, kowa na haki saboda hawa da gangara. Magina ba su baje tudun ba, bin sa suka yi yadda Allah ya ajiye shi. Muka wuce tafkin Buyongji mai kusurwa huɗu da ɗan tsibiri zagayayye a tsakiya, kusa da ɗakin littattafan da Sarki Jeongjo ya kafa a 1776. Can wajen rafin Ongnyucheon sai ga rumfar Cheonguijeong. Sauran rumfuna rufin fale-falen yumɓu ne, ita kuwa jinka ce, ginshiƙanta da fenti, kanta da ciyawa. A gindinta ga 'yar fadamar shinkafa, wadda ko filin sussuka ba ta kai ba, laka baƙa ƙirin, ruwa kwance tsakanin shuka. Nan a da ake dasa wa sarki shinkafa a girbe, bambaron kuma a sabunta jinkar da shi.

Hikimar a fili take. Sarkin da sai ta bakin fadawa yake jin labarin damina, kullum albarka zai ji, ko da fara ta cinye gari. Gara ya ga shuka da idonsa, ya san yadda take yin yaushi.

Sai dai gonar nan a bakin rafi take, cikin katanga, ga masu kula da ita. Babu mai karɓar haraji da ya taɓa tsayawa a kanta da ma'auni. A 1862, zamanin Sarki Cheoljong yana zaune a wannan fada, manoman Jinju suka yi bore saboda zaluncin jami'ai wajen haraji da bashin hatsin gwamnati, wutar ta bazu a lardunan kudu. Abin da ke cin manomi a lokacin yana cikin littafin masu haraji, 'yar fadamar sarki kuwa ba ta da hanyar nuna masa shi.