Kafin Ka Raba Rumbun Kwamfutarka, Fara Kwashe Kayanka



Tun da Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, mutane suke ta kawo min laftof shago, har daga Bodinga da Shagari. Galibi tsofaffi ne 'yan tokumbo, ba su da TPM 2.0 da Windows 11 ke nema. Tambayar ɗaya ce: "Malam, in sayar ko in gyara?"

Ra'ayina, kada ka sayar. Ka yi fatishin, wato ka raba rumbun ajiyar gida biyu. Windows ta zauna a ɗaya saboda manhajojin da sai ita, kamar Odin da muke filashin Samsung da shi. A ɗayan ka sa Linux Mint ko Ubuntu, kyauta ne, ka riƙa shiga intanet da banki ta can, tunda su ana sabunta musu tsaro.

Wani zai ce VirtualBox ya fi sauƙi. Haka ne, amma a laftof mai RAM 4GB wallahi tafiyar hawainiya za ka gani.

Sai dai akwai abin da nake jin haushinsa, kuma ni ma na taɓa yi. Wani ɗalibi daga nan Mandera ya kawo min tasa, batirin ya mutu, an ɗauke wuta, man janareta ya kusa ƙarewa. Ina sauri na danna "Erase disk" maimakon "Install alongside". Furojet ɗinsa na ƙarshe ya tafi gaba ɗaya. Kwana uku ina neman dawo da shi, babi biyu kawai na samu. Har yau in mun haɗu kunyarsa nake ji.

Don haka ga yadda nake yi yanzu:

1. Kwashe komai zuwa filash ko rumbun waje, ka buɗe ka tabbatar ya kwafu.
2. In BitLocker a kunne yake, ajiye lambar buɗe shi ko ka kashe shi. Kashe Fast Startup ma.
3. Shiga Disk Management, zaɓi Shrink Volume a kan C. Ubuntu na son aƙalla 25GB, amma ba shi 60GB in akwai wuri.
4. Duba tsarin rumbun. MBR babban fatishin 4 kawai yake ɗauka, GPT kuwa har 128.
5. Haɗa filash 8GB da Rufus, kuma kada ka fara sai wuta ta tsaya ko batiri ya cika.

Ku kuma 'yan uwana masu gyara, duk wanda ya taɓa fatishin ɗin mutum bai kwashe masa kaya ba, ya ci amana, ko da bai yi niyya ba. Kai kuma mai laftof, in mai gyara bai tambaye ka "ka adana kayanka?" ba, ɗauki abinka ka yi gaba.

Wanda ya maƙale a wani mataki ya faɗa min sunan laftof ɗinsa, in sha Allah zan amsa.