Jan Hankali a kan Fitar Samari Hawan Duwatsu

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka, ya ku malamai da almajirai, iyaye da yawa sun tambaye mu hukuncin abin nan da makarantun sakandare ke yi, su kwashi samari a lokacin hutu su kai su daji, su hau duwatsu, su kwana a tanti, wai don su koyi shugabanci.

Ku sani Turawa ne suka tsara shi haka. Wani sojan Ingila, Badin Pawel, ya fara fita da yara 20 a shekarar 1907, daga nan aka sami 'yan sikawut. A 1951 aka buɗe makarantar Man O' War a bakin teku a Kamaru, daga baya aikinta ya komo duwatsun Shere kusa da Jos.

To, amma tushen abin namu ne tun da. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci mutum uku in sun fita tafiya su shugabantar da ɗayansu, kuma ya ɗora Usamatu ɗan Zaidu a kan runduna bai kai shekara 20 ba, alhali Sayyidina Umaru yana cikinta. Shehu Usmanu ya bi Malam Jibrilu har Agadas. Yaron da ya ɗauki kayansa da kansa, ya raba ruwan gora da ɗan'uwansa, ya jira mai rauni a bayan ayari, ya koyi abin da allo kaɗai ba ya koya masa.

Saboda haka ba mu hana ba, sai dai da sharuɗɗa. A nemi yardar uba. Kada a gama samari da 'yammata. A tafi da malamin da zai tsai da salla a kan lokacinta, ya koya musu taimama da gane alƙibla, ya sanar da su cewa a mazhabar Maliku ba a ƙasaru sai tafiya ta kai mil 48. A riƙa juya shugabanci tsakanin yaran, kada ɗan mai kuɗi ya riƙe shi shi kaɗai. Sa'an nan a bincika hanya, gama ba mu manta da yara sama da 300 da aka sace a Ƙanƙara a watan Disamba 2020 ba, su da ke cikin makarantarsu ma. Inda babu aminci, haramun ne a jefa ɗan wani cikin halaka.

Mu kuma da muke tura almajirai gari gari ba guzuri ba mai kula, mu duba kanmu kafin mu zargi wasu. Laifi tudu ne.

Allah ya shiryi zuriyarmu, amin. Wassalamu.