Zazzaɓin da Ba na Sauro Ba

A ƙauyukan Batsari da Safana, duk zazzaɓin da ya ƙi sauka sunansa biyu ne: na cizon sauro ko taifot. Akwai na uku da ba a ambata, kuma yana kisa a ɓoye.

Idan mutum ya saba yi wa kansa allurar pentazosin a jijiya, da allurar da aka riga aka yi amfani da ita ko a kan fatar da ba a goge ba, ƙwayoyin cuta kan bi jini su maƙale a ƙyauren zuciya, musamman na ɓangaren dama. Likitoci na kiran wannan endokaditis. Alamunsa zazzaɓi ne mai nacewa, zufa da dare, haki da rama. Maganinsa allurar kashe ƙwayoyin cuta ce ta jijiya, mako huɗu zuwa shida, wani lokaci har da tiyata.

Binciken UNODC na 2018 ya ƙiyasta cewa 'yan Nijeriya miliyan 4.6 na ta'ammali da magunguna irin su tiramadol da kodin ba bisa ƙa'ida ba, kuma kusan 80,000 na tsira wa kansu allura. A shekarar ce aka haramta maganin tari mai kodin. Haramci ya rufe kwalba, amma bai warkar da mai sha ba.

Ga inda gizo ke saƙa. Gano cutar na bukatar gwajin jini da hoton zuciya, wato tafiya Katsina a kan hanyar da 'yan bindiga suka daɗe suna yi wa barazana. Kafin nan kuwa, sai majiyyaci ya faɗi gaskiya. Wane matashi zai naɗe hannun riga ya nuna tabon allura alhali ya san harara da gori ke jiransa? Sai ya yi shiru, a sallame shi da maganin maleriya karo na uku.

Ra'ayina shi ne, magani na farko yana bakin ma'aikacin lafiya: ya tambaya a keɓe, ba tare da wa'azi ba. Sannan a haɗa jinyar zuciya da ta jaraba, domin wanda aka wanke wa jini aka bar shi da ƙishirwar allura zai dawo, in ya yi sa'ar dawowa.

Iyaye kuma, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. A kai yaro asibiti tukuna; faɗa ya jira.